Jiki Magayi, Amma Ba a Cikin Hazo Ba

Da hunturun bara na je gida Dareta gaisuwar rasuwar wani dattijo daga dangin mahaifiyarmu. A dare na biyu, bayan masu gaisuwa sun watse, na fito tsakar gida na tarar da ɗan ƙanwata zaune bisa kifaffen turmi. Ya riƙe waya da hannu biyu, yana karkata ta dama, yana karkata ta hagu, kamar mace mai bakace da faifai. Har na tsaya a kansa bai ɗago ba.

Na ce, "Kai kuma mi kake yi cikin sanyin ga?"

Ya ce, "Kawu, dakata kaɗan. Jirgi nika sabkarwa Kano."

Na duƙa na leƙa. A fuskar wayar, wadda gilashinta ya tsage ta kusurwa, ga titin jirgi da fitilu jere gefe da gefe, yana matsowa. Ya ajiye jirgin lafiya, ya sauke numfashi, sannan ya ɗago ya yi mini tambayar da ta zama sanadin wannan tafiya.

"Kawu, kai da kake zaune Zariya inda makarantar jirgi take, na gaskiyar haka yake ga hannu? In an ba ni shi, ina iyawa?"

Ni dai fasinja na taɓa zama, shekarar da na sauke farali. Amma a Zariya ina da maƙwabci, tsohon matuƙin jirgi da ya yi ritaya, wanda duk unguwa ke kira Kyaftin. Sahu ɗaya muke sallar asuba, kuma na san yana da wani ɗaki da ya haɗa kwamfuta da sitiyarin jirgi a ciki. Na ce wa yaron ya shirya kayansa, gani ya kori ji.

Dole in faɗi ko wane ne yaron. Shekararsa biyu a 2010, shekarar da sunan Dareta ya shiga rediyoyin duniya. Lokacin farashin zinariya ya hau, maza na haƙo duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gari, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, mata na dakawa a turmi, ana shanya garin inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Yara suka riƙa suma suna jijjiga, wasu su ce iska ce, wasu su ce sanƙarau ne. Likitocin ƙungiyar Na Gari Na Kowa ne suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a watan Maris na shekarar. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum ya nuna cewa a cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu cikin shekara guda. Waɗanda gubar ta kashe a yankin baki ɗaya sun kai aƙalla 400. Yayar yaron nan na cikinsu. Shi kuwa an kwantar da shi a Anka, ya sha maganin da ke wanke dalma daga jini, aka kankare ƙasar gidanmu aka zuba sabuwa, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Shi ya sa da na nemi izinin uwarsa ta daɗe ba ta yi magana ba. Daga baya ta ce, "Yaya, amana ce na ba ka. Ku tahi da rana, ku sabka da rana."

Haka kuwa aka yi. A ƙasarmu yanzu ba a sammako, ba a kuma kaiwa la'asar a hanya. Sai da rana ta ɗaga, masu babura suka taru suka zama ayari, sannan muka kama hanyar Anka. Hazo ya kwana biyu da sauka. Rana ta fito fara fat kamar farin wata, kana iya kallonta ba ka ƙifta ba. Itatuwan bakin hanya sai kun zo daf da su suke bayyana, su sake ɓacewa a bayanku. Ba mai hira a kan babur. Kowa idonsa na daji, bakinsa na motsi da addu'a.

A tashar Anka muka sami motar Gusau, yaron ya matsa har aka ba shi gaba, kusa da direba. Tun daga Anka har mararrabar Mayanchi, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin Sakkwato, idonsa na kan hannun direban. Can wajen Maru direban ya rage gudu ba tare da mun ga komai ba, ya gangara gefe, ya fita ya duba, sai ga tayar baya ta fara sacewa. Da aka canza muka ci gaba, yaron ya tambaye shi yadda ya sani.

Direban ya ce, "Samari, mota da jiki aka tuƙinta. Kahin ido ya gani, mazaunai sun ji."

Wani dattijo a baya ya ce, "Jiki magayi ke nan."

Yaron ya waiwayo ya dube ni. Na gane abin da ke ransa: wayarsa ba ta taɓa gaya wa jikinsa komai ba.

Mun wuce Bunguɗu muka shiga Gusau wajen azahar. A nan na tuna cewa yaron nan bai taɓa ganin jirgin fasinja a ƙasa ba. Shekara da shekaru an yi ta kwashe alhazan Zamfara a mota zuwa filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, kuma sai a 2024 aka ɗora harsashin babban filin jirgin Gusau na yanzu. A watan Maris na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin jihar, bisa zargin cewa akwai masu kai makamai daji ta sama su kwaso zinariya. Jirgin da yaran ƙauyukanmu suka sani shi ne na yaƙi, wanda in an ji ƙugin sa uwa ke janye ɗanta ɗaki. A irin wannan sararin ne ɗan ƙanwata ya ɗaga kai ya ce shi tuƙi yake so. Wannan kaɗai ya isa in ɗauki maganarsa da nauyi.

Bayan mun canza mota muka bar Gusau, dutsen Kwatarkwashi ya fito daga cikin hazo kamar an yaye labule, baƙi ƙirin, ƙato, kansa ya nutse a fari. Shirwa biyu na kewaya gefensa, ba mai kaɗa fiffike a cikinsu, amma sai ƙara sama suke. Yaron ya bi su da ido har wuyansa ya ƙare. Tsakanin Tsafe da 'Yankara motar ta yi tsit, direba ya taka, shingayen jami'an tsaro na zuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai da muka ga Funtuwa mutane suka dawo da hira, aka sayi rake da ƙosai ta taga. Giwa, Shika, Samaru, sannan dogon shingen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, mutanen gari kuma ke kira Abiyeshin. Yaron ya manna fuska a gilashi. Ba jirgi ko ɗaya a sama.

Washegari bayan sallar asuba na gabatar da shi ga Kyaftin. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kuma yi ƙarfin halin tambayar abin da ya kwana da shi: me ya sa jiya ba a tashi ba?

Kyaftin ya ce, "Ɗana, ɗalibin farko da ido yake tuƙi. Sai ya ga inda sama ta haɗu da ƙasa. In hazo ya shafe wannan layi, zama ya kama shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa."

Ɗakin bai fi ƙaramin shago ba. Allo uku jere a kan tebur, sitiyari mai kama da ƙahon sa an ɗaure shi a bakin teburin, totur a dama, feda biyu a ƙasa, wutar sola ke riƙe da komai. Manhaja biyu yake amfani da su. Ɗaya ita ce Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, zubinta na 2020 kuma wani kamfani a birnin Bordo na Faransa ya gina shi, ya shimfiɗa duniya duka daga hotunan tauraron ɗan'adam. Ɗayar X-Plane ce, ta wani Ba'amurke mai suna Austin Meyer. Ita wannan a lissafi take yanka fiffike gunduwa-gunduwa, ta auna yadda iska ke tura kowace gunduwa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ta haɗa jimilla, abin da ya fito shi ne motsin jirgin. Kyaftin ya ce ta farko ta fi kyan kallo, ta biyu ya fi sabawa da ita, amma dukansu lissafinsu ya wuce wasan yara.

Ya ɗora yaron a kan Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, ya ajiye shi a bakin titin jirgin Zariya. Yaron ya yi bisimilla ya tura totur. Jirgin ya fara gudu, ya karkata hagu, ya bar kwalta ya shiga ciyawa. Aka sake, haka. Aka sake na uku, yana murɗa sitiyari dama da ƙarfinsa, jirgin bai saurare shi ba. Wanda ya sauka Kano fiye da sau ɗari ya kasa barin ƙasa, zufa ta keto masa cikin hunturu.

Kyaftin ya ce, "Ina ƙafarka?"

Sannan ya yi masa bayani. Farfela in tana juyawa, iskar da take turawa baya murɗewa take a jikin jirgin kamar igiya, ta je ta bugi wutsiya ta gefen hagu, hanci ya juya hagu. A ƙasa sitiyarin hannu ba ya gyara wannan, sai an taka fedar dama, a riƙe ta daidai gwargwado. "Wayarka ita ke taka maka feda a ɓoye, don kada ka gaji ka goge wasan. Nan ba mai taka maka."

A karo na biyar ƙafar ta fara jin magana. Da agogon gudu ya kai kimanin kilomita 100 a awa, Kyaftin ya ce ya jawo sitiyari a hankali, kamar mai zare ƙaya. Ƙasa ta saki jirgin. Yaron bai ce komai ba, amma na ga haƙoransa.

Da suka daidaita a sama, Kyaftin ya jawo kujera kusa, ya fara lissafa masa abin da teburin nan ba zai iya ba shi ba, kuma a nan na ji amsar tambayar da ta taso mu daga Dareta.

Na farko nauyin hannu. Ya ce, "Ka taɓa jan ruwa a rijiya?" Yaron ya ce kullum. "To, ba ka leƙawa kafin ka san guga ya cika, igiya ke gaya maka. Sitiyarin jirgin gaske haka yake. In gudu ya ƙaru, iska na danne fikafikan wutsiya, sai ya yi tauri a hannunka kamar cikakken guga. In gudu ya ragu, sai ya saki, ya yi laƙwas kamar gugan da ya tsinke ya bar ka da igiya. Matuƙi na jin haɗari a tafin hannunsa kafin ya dubi agogo. Wannan kuwa sifirin ne a cikinsa, ƙarfinsa ɗaya ko kana gudu ko kana tsaye." Ya nuna masa wata 'yar taya da ake murzawa don sauke wa hannu nauyi. A jirgin gaske murzawa kake har ka ji nauyin ya bar hannunka, shi ke nan ka daidaita. A gida babu nauyin da zai bar ka, sai dai ka yi ta bin allo da ido, hanci na hawa yana sauka. Ya ce saboda haka ma sau da yawa riƙe jirgi a tsayi ɗaya ya fi wuya a kwamfuta fiye da a sama.

Na biyu ciki. Ya sa yaron ya rage totur ya yi ta ɗaga hanci. Fiffike na ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. In ya tunkari iska da kusurwar da ta wuce wajen digiri 15, sai iskar ta ɓalle ta hargitse, ɗaukar ta gushe. Wata ƙara ta tashi, hoton ya yi rawa, hanci ya faɗa ƙasa. Kyaftin ya ce lissafin daidai ne, inda ya faɗi nan na gaske zai faɗi. "Amma dubi kujerarka, ko motsi ba ta yi ba. A can, jirgin duka ke karkarwa, hanjinka ya taso maƙogwaro, hannunka ya ce ka ja sama, alhali tsira na cikin turawa ƙasa. Sanin abin yi daban, yin sa da tsoro a ciki daban."

Na uku gefen ido. Wajen sauka, a 'yan ƙafafun ƙarshe, matuƙi da wutsiyar ido yake auna nisansa da kwalta, yana kuma jin yadda iskar da ta matse tsakanin fiffike da ƙasa ke tallafe jirgin kamar matashi. Allo na gabanka ne kawai, gefenka bango ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ashe aikin banza yaron ke yi?"

Ya ce, "A'a, Malam. Bari ka ga inda ba ta ƙarya."

Ya mayar da jirgin bakin titi, ya shiga wajen yanayi ya ɗaga zafi zuwa digiri 42, irin na Sakkwato a watan Afrilu, ya cika kujeru huɗu da mutane, ya cika tanki. Yaron ya tura totur. Jirgin da ɗazu ya tashi da wuri yanzu ya yi ta cin titi, da ya ɗaga ma da ƙyar yake hawa, kamar jaki da kaya a tudu. Iska in ta yi zafi sirancewa take, fiffike ya rasa abin kamawa, inji ya rasa abin shaƙa. Kyaftin ya yi shiru kaɗan, sannan ya tuna mana 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana a Kano, lokacin da wani jirgin fasinja ya cinye titi har ya zarce ƙarshensa kafin ya ɗaga, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka rasu. Ya kuma tuna mana 29 ga Oktoba 2006, da Boeing 737 mai zuwa Sakkwato ya tashi daga Abuja cikin hadari, iska ta juya masa farat ɗaya, ya faɗi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Mu mutanen yamma ba mu manta da ranar ba. Ya ce irin wannan juyin iska ba a koyon sa a sama, don wanda ya kuskure ba ya dawowa ya gyara. A na'ura ake koyon sa, manyan na'urori masu kamar ɗaki a kan ƙafafu shida, da ke karkata suna girgiza, waɗanda matuƙan jiragen fasinja ke shiga a jarraba su, galibi duk wata shida. Kwalejin nan ta Zariya ma ta sayo irinta ta Boeing 737.

Da yamma yaron ya roƙi abu guda: a bar shi ya je gida. Kyaftin ya buɗe manhajar mai hotunan tauraro, ya share sama tas, suka ɗauki arewa maso yamma. Tafiyar da ta cinye mana yini guda da zullumi, a nan awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Yaron ya gane Anka da gulbin Zamfara, ya bi zaren hanyar Bagega da ido har ya ce, "Ga mu nan." Wani ɗan facin gari ne a cikin gonaki. Gidajen da kwamfutar ta tsayar ba namu ba ne, nata ne ta ƙaga daga inuwar hoto. Ba rumbu, ba darni, ba zaure. Ya kewaya garin sau uku, ya sauko ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Kawu, daga nan lahiya lau garin yake."

Ban iya ba shi amsa ba. Daga can ba a ganin makabartar yara, ba a ganin wanda ya kwana daji, ba a ganin abin da ke cikin ƙasa.

Rana ta biyu Kyaftin ya cika alkawarin da ya yi. Bayan yaron ya tashi ya daidaita, sai ya zuba masa hazo, irin wanda muka baro a hanya. Allo uku suka koma fari. Ba a yi minti biyu ba jirgin ya kwanta gefe, hanci ya sunkuya, agogon tsayi ya fara warwarewa, yaron kuma bai sani ba sai da ƙasa ta bayyana a karkace. Kyaftin ya nuna masa agogon tsakiya, rabinsa shuɗi, rabinsa ruwan ƙasa, da ɗan fiffike a tsakani. "Wannan shi ne layin da hazo ya shafe. Daga shi ka leƙa gudu, ka dawo. Ka leƙa tsayi, ka dawo. Ka leƙa alƙibla, ka dawo." Suka yi ta yi har azahar, yaron ya fara riƙe jirgin a cikin farin allo.

Sannan ya ce masa ya taso ya zauna a kujerar ofis mai juyawa, ya ɗaure masa ido da rawani, ya ce ya ɗaga ƙafa, ya nuna da babban yatsa duk inda ya ji yana juyawa. Ya fara juya shi dama a hankali, yatsa ya nuna dama. Aka ci gaba da juyi ba sauri ba tsayawa. Can sai yatsan ya miƙe, yaron ya ce, "Na tsaya," alhali a gabana yana ta kewayawa. Da Kyaftin ya tsayar da kujerar cak, yatsan ya karkata hagu, yaron ya rantse hagu ake juya shi.

Aka kwance rawanin, ya ga kujera a tsaye, ya dafa ta da hannu biyu.

Kyaftin ya ce a can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa mutum ya juya. In juyin ya daɗe a gudu ɗaya, ruwan sai ya bi jiki, kunne ya ce an tsaya. In an tsaya, ruwan ya ci gaba, kunne ya ce an juya baya. A ƙasa ido na ƙaryata shi nan take. A cikin hazo ba mai ƙaryata shi sai agogo. Matuƙa da yawa sun mutu suna da yaƙinin cewa a miƙe suke. Shi ya sa a 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ɗauki zugazugan da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa ya ƙera akwatin da ake rufe ɗalibi a ciki, ba taga, sai agogo. A shekarar ce kuma wani matuƙi, Jimmy Doolittle, ya tashi ya sauka da jirgi ba tare da ya ga waje ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera irin akwatin nan fiye da 10,000.

Ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ka tambaya ko na gaskiyar haka yake a hannu. Ba haka yake ba. Hannu da ƙafa da ciki sai a sama za ka same su, wurin malami, kuma wasu halayen da ka ɗauka a waya sai an kankare maka su. Amma abin da ya fi kashe mutane shi ne gardama da agogo, kuma wannan tebur na iya koya maka barin ta tun kana ƙasa."

A nan zuciyata ta koma 2010. Ina tsaye a tsakar gidanmu ranar da masu binciken suka shigo da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga. Ƙanwata ta share gidan tas, ta yayyafa ruwa, ko tsinke babu. Mutumin ya ɗora bakin na'urar a ƙasa, ya jira, ya dubi lambar, ya dubi abokinsa. A wasu wuraren niƙa na ƙauyukanmu lambar dalmar ta haura 100,000, alhali a Amurka 400 ce iyakar da aka yarda da ita a lokacin inda yara ke wasa. Ƙurar ba ta wari, ba ta ɗaci, launinta na ƙasar da kakanninmu suka taka. Idonmu ya ce gida lafiya, hancinmu ya ce lafiya, har dattawa suka yi ta musu da baƙin, don abin da jiki bai ji ba da wuya zuciya ta yarda da shi. Gidajen da suka yarda da lambar suka fitar da niƙa daga gari, suka bari aka kankare ƙasa, suka kai yara magani, su suka ga amfanin ta. Direbanmu na Maru gaskiya ya faɗa, mota da jiki ake tuƙinta, kuma karin maganar kakanni ba ta faɗi ƙasa ba. Amma mu mutanen Dareta mun biya da 'ya'yanmu kafin mu san akwai wurin da jiki ba ya gaya maka komai, akwai ma inda yake gaya maka ƙarya.

Kyaftin bai ɓoye wa yaron tsawon hanyar ba. Sai ya gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyyar fiziks da Ingilishi, don da Ingilishi ake magana da hasumiyar filin jirgi. Kuɗin karatun miliyoyi ne, ɗan talaka sai da tallafin gwamnati ko na mai hali. Kafin komai kuma akwai gwajin likita mai tsanani: ido, kunne, zuciya, jini. Da ya ambaci jini na ji kunya ta kama ni. Shekaru ke nan ba a auna dalmar jinin yaron nan ba, saboda duk wanda ya gan shi zai ce lafiyayye ne, alhali haƙar zinariya ba ta tsaya ba a ƙasarmu, kuma dalma na daɗewa a ƙashi. Da ido muke tuƙa lafiyarsa cikin hazo. A daren na kira uwarsa na gaya mata ba zai dawo ba sai an ɗebi jininsa an auna, abin da lamba ta ce kuma shi za mu bi.

Ta ce, "Allah shi saka, Yaya. Ku yi abin da ya dace."

A safiya ta uku iska ta juya, hazo ya yi sauƙi, sama ta fara shuɗi daga tsakiya. A hanyarmu ta zuwa asibiti na ce wa mai Keke Napep ya tsaya a gefen titin Sakkwato, daidai shingen kwalejin. Ba mu daɗe ba muka ji ƙarar inji na hawa. Wani ƙaramin farin jirgi ya fito daga bayan itatuwa, ya ɗaga hanci, fikafikansa na ɗan rawa a iskar safe, wanda ke ciki na gyarawa kaɗan-kaɗan. Shekara ɗari ke nan tun da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, mutanen birni suka fito kallo. Ɗan ƙanwata ya tsaya kamar ɗaya daga cikinsu, baki buɗe, hannu bisa goshi.

Ni kuwa ƙasa na duba. Ƙafarsa ta dama, cikin silifa, tana danna ƙasar Zariya a hankali, ta riƙe, ba ta saki ba har jirgin ya miƙe.